Zan Fita, Zan Dawo

Ranar da matarsa ta tattara kayanta ta tafi da yarinyar, Auta bai taɓa kowa ba. Wannan maganar ya yi ta maimaitawa ga duk wanda ya tsaya ya saurare shi, kuma gaskiyarsa ce, sai dai ba ta tsinana masa komai ba.

Ga yadda abin ya faru. Ya dawo daga shago da yamma kansa cike da hayaniyar titi, ya tarar injin markaɗe na kuka a kicin, rediyon maƙwabta na ɓaɓatu ta kan katanga, an kuma janye kujerarsa daga inda take zama don a share ƙarƙashinta. Ko takalmi bai cire ba matar ta shiga jero masa tambaya kan tambaya. Daga nan bai ƙara sanin inda kansa yake ba sai da ya tsinci kansa durƙushe gaban kabad ɗin kwanuka, gilashin ya tarwatse, goshinsa na zubar da jini. Kansa ya buga, kamar yadda ya saba bugawa a bango tun yana yaro in duniya ta yi masa yawa. Amma wannan karon 'yarsa ta gani. Yarinyar, wadda yake kira Maɓalli saboda ɗan hancinta, tana bayan labule ta toshe kunnuwanta da hannu biyu.

Ba za a ga laifin matar ba. Shekara da shekaru tana sanɗa a cikin gidanta, tana rage murya, tana kashe wannan ta kunna wancan. Ta san mijinta ba mugu ba ne. Mutum ne da bai taɓa yi mata ƙarya ba, ko irin 'yar ƙaryar nan da maza ke yi don a zauna lafiya. In abinci ya yi gishiri zai ce ya yi gishiri, in ta yi kyau zai ce yau ta yi kyau, jiya kuwa ba ta yi ba. Duk wannan ta iya haɗiyewa. Abin da ta kasa haɗiyewa shi ne idon yarinyar a bayan labule.

Mahaifinta tsohon shugaban makaranta ne, wanda ya yi ritaya amma bakinsa bai yi ba. Ya aiko da saƙo a taƙaice, abin da ba halinsa ba ne: a nema wa Auta magani, in ya warke a zo a zauna. Kafin nan ba shi ba ganin Maɓalli.

Nauyin ya faɗa kan Yaya, babbar 'yar'uwarsa, kamar kullum. Ita ta goye shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta sama masa shagon gyaran keken ɗinki kusa da nata na sayar da yadi, don ta riƙa jiyo shi in ya fara. Ta taɓa kai shi wurin wani likita da ya zaunar da shi gaba da gaba, ya tsare shi da ido yana tambayar yadda yake ji a ransa. Auta ya ce bai sani ba. Aka sake tambaya, ya sake cewa bai sani ba, don bai sani ɗin ba. Likitan ya ce wa Yaya ƙaninta ba ya ba da haɗin kai. Saboda haka da aka yi mata kwatancen wata likitar, wadda ba ta allura ba ta ƙwaya sai magana, Yaya ta yi tsaki ta ce likitar surutu ke nan, amma dai ta kai shi, don ba ta da inda ya fi nan.

Ofishin yana saman bene, a ƙarshen wani dogon baranda mai famfo a tsakiyarsa. Auta ya shiga, ko gaisuwa bai yi ba ya ce doguwar fitilar silin tana kuka. Yaya ta harare shi, ta soma ba da haƙuri. Likita kuwa sai ta tashi ta kashe fitilar, ta ɗaga labule, sannan ta tambaye shi ko da saura. Ya ce agogon bango. Ta sauko da shi ta cire masa batir. A duk tsawon rayuwarsa ba a taɓa yi masa haka ba. In ya ce abu na kuka, cewa ake yi ba a ji ba, shi ke nan magana ta ƙare.

Bayan ta yi masa tambayoyi na 'yan makonni, ta faɗa musu sunan abin. Ta ce otizim ake kiransa, wasu kuma su ce galahanga, ko da yake ita ba ta son wannan kalmar. Ta ce da shi aka haife shi, ba cuta ba ce da ake warkewa, yadda ƙwaƙwalwarsa ke karɓar duniya ne ya bambanta. Abin da za a iya koyo shi ne yadda zai gane tashin abin tun kafin ya fi ƙarfinsa. Auta ya ji daɗin samun sunan, don shi kowane ƙaramin ƙarfe a cikin keke yana da suna, kuma abin da ke da suna ana iya gyara masa zama. Yaya ce ba ta ji daɗi ba. A kan matakala ta ja masa kunne, ta ce kada ya kuskura ya faɗi wannan kalmar a gaban surukansa.

Likita ta canja komai saboda shi. Ta jera kujerunsu kafaɗa da kafaɗa suna fuskantar taga, don kada sai ya kalle ta. Ta daina fesa turare ranar zuwansa. Ta ce ya riƙa zuwa da wani tsohon kan keke yana kwancewa yana ɗaurawa suna magana, tun da ta lura bakinsa ba ya buɗewa sai hannunsa na aiki. Kuma ba ta ƙara tambayarsa yadda yake ji ba. Wata rana dai ta tambaye shi yadda yake gane zare na shirin tsinkewa a keke.

Nan fa aka taɓo masa inda yake so. Ya yi ta bayani har lokacinsu ya kusa ƙarewa: yadda sautin allura ke canjawa, yadda ɗinkin ƙasa ke soma tattarewa, yadda zaren ke yin gashi-gashi a bakin allura. Ya ce zare ba ya tsinkewa haka kawai, tela ne ba ya saurare. Da ya kai aya, sai ta ce, to shi fa, kafin nasa ya tsinke me ke fara canjawa?

Bai sani ba, amma wannan karon tambayar tana da inda za a kama ta. Suka yi ta nema, mako bayan mako, har suka gano. Tafin hannunsa ke fara yin gumi. Daga nan sai sautuka su daina bin layi, muryar mai magana da ƙarar fanka da hon ɗin mota a titi duk su zama ƙarfi ɗaya, ya kasa ware wanne ne magana. Sai zafi ya taso daga ƙirji ya nufi wuya. In ya kai wuya an gama, ba mai iya dawo da shi. Ashe ke nan dabara ita ce ya bar wurin kafin zafin ya kai wuya.

Ta koya masa abin yi, gajere, ba kwana-kwana. Ya miƙe. Ya ce, "Zan fita, zan dawo." Kada ya tsaya bayani, don a lokacin ba shi da bakin bayani. Ya nemi famfo ya sakar wa wuyan hannunsa ruwan sanyi har sai sautukan sun koma layinsu. Sannan ya dawo, tun da ya ce zai dawo.

Suka yi ta gwadawa. Ta kan kunna fitilar nan mai kuka da gangan, ta kunna rediyo a wayarta, ta riƙa yi masa magana da sauri. Da farko ya kan makara, sau ɗaya har ya cije hannunsa ya ji ciwo. A hankali ya iya. Ya miƙe, ya faɗi maganar, ya fita baranda wurin famfo, in ya dawo ya tarar da ita zaune inda ya bar ta. Ta ce masa sannu da dawowa, ta ɗora daga daidai kalmar da ta tsaya.

Wata rana yana ɗaure kan kekensa zai tafi, ya tambaye ta ba tare da ya ɗago ba.

"In na fita, za su jira ni?"

Yamma ta yi, wani na jira a waje, kuma tana cike da murnar yadda ya yi ƙoƙari ranar. "Za su jira," ta ce.

Wani zai ɗauki wannan a matsayin irin maganar ƙarfafa gwiwa da ake yi wa mutum a bakin ƙofa. Auta ba ya da wurin ajiye irin wannan maganar. A wurinsa magana ko dai haka take ko ba haka take ba, kuma matar da ta yarda fitila na kuka ba za ta faɗi abin da ba haka yake ba. Ya ɗauki maganar ya adana.

A yi mata adalci, Likita ta nemi a kawo mata matar, ko ma da mahaifinta, ta yi musu bayanin abin da aka koya masa. Ta faɗa wa Yaya ba sau ɗaya ba. Yaya ta ce to, za ta shirya. Yau kaya sun iso, gobe ciwon kai, jibi surukan sun yi tafiya. Gaskiyar ita ce ba ta son a sa wa ƙaninta suna a gidan mutane, a riƙa nuna 'yarsa ana cewa a jini yake. Tsoronta ba na banza ba ne, ta san bakin mutane. Sai ta zaɓi hanya mai sauƙi, ta kira tsohon a waya ta ce Auta ya sha magani ya warke sarai.

Abin takaici, dabarar fitar nan ta yi aiki a shago. Wani tela ya zo yana zazzaga masifa wai an riƙe masa keke, ga janareton maƙwabci na ruri. Auta ya ji gumi a tafinsa, ya miƙe ya ce zai fita zai dawo, ya zaga bayan shago wurin famfo. Da ya dawo ya tarar da telan zaune yana huci. Ya jira ɗin kuwa. To ina za shi, kekensa na kan tebur a warwatse? Auta bai yi wannan lissafin ba. Abin da ya gani shi ne an ce za a jira, kuma an jira.

Ranar zaman ta zo. Ya sa rigar da ba ta cizon wuya, ya zura a aljihu wata 'yar mota da ya haɗa wa Maɓalli da tsofaffin kwarkwaron zare. A hanya Yaya ta yi ta karanta masa: ya gaishe da kowa, ya sunkuyar da kai, duk abin da aka ce ya ce to. Ba ta ce komai game da fita ba, shi ma bai tambaya ba, tun da an riga an ba shi amsa.

Falon tsohon kamar an shirya shi ne don a gwada shi. Talabijin na kunne ana labarai ba mai kallo. Fankar silin na yin ƙas a kowane juyi. An fesa wani turare mai hawa kai, kujerun kuma irin masu ledar nan ne da ke manne wa mutum a cinya. Ban da tsohon akwai kawun matar da wata gwaggonta mai yawan gyaran murya. Matar na zaune kusa da ƙofar ciki, idonta a ƙasa. Ba a fito da yarinyar ba, amma can ciki yana jiyo muryarta tana waƙa ita kaɗai.

Tsohon ya gyara zama ya fara. Ya faro daga ranar da aka haifi 'yarsa, ya bi ta makarantun da ta yi, ya ratsa ta kan tarbiyyar yaran zamani. Mutum ne da ya saba ɗaruruwan yara na tsaye a rana har sai ya gama, saboda haka bai san ana gajarta magana ba. Yaya na ta cewa haka ne Baba. Gwaggo na gyaran murya. Wayar kawu ta yi ƙara, ya ɗauka ya ce yana cikin taro, ya ci gaba da magana ƙasa-ƙasa.

Auta ya ji tafinsa ya jiƙe. Ya goge a wando, ya daure. Ya san abin da ya kawo shi, ya san Maɓalli a bayan ƙofar can take. Sai sautukan suka soma barin layi. Muryar tsohon, da mai karanta labarai, da ƙas ɗin fanka, da waƙar Maɓalli, duk suka cakuɗe suka zama abu ɗaya. Yana ganin bakin surukinsa na motsi amma ba ya tsintar ko kalma. Zafin ya taso daga ƙirji. A gefensa akwai wani teburin gilashi, kuma ya san sarai abin da zai faru da teburin nan in ya ƙara zama, ya san kuma wa zai leƙo ta ƙofa ya gani.

Ya miƙe tsaye. Muryarsa ta fita daidai, ba rawa, kamar yadda suka gwada.

"Zan fita, zan dawo."

Ya juya ya fita.

Akwai famfo a tsakar gida kusa da inda ake shanya. Ya durƙusa ya sakar wa hannayensa ruwa. A hankali fankar ta koma can nesa, motocin titi suka koma titi, ya soma jin numfashinsa. Zafin ya tsaya a ƙasan wuya, ya yi jim, ya sauka. Wani farin ciki ya kama shi irin wanda bai taɓa ji ba. A falo mafi muni da ya taɓa shiga, a rana mafi nauyi, bai yi ihu ba, bai fasa komai ba, yarinyar ba ta ga komai ba. Ta tagar ɗakin ciki ya hango saman kanta, an yi mata kitso ƙanana. Ya so ya kira ta, amma ya ce zai dawo, kuma ana jiransa.

Ya koma falo. Kujerar tsohon ba kowa. Kawu da gwaggo ba sa nan, matar ma ba ta nan, an rufe ƙofar ciki. An kashe talabijin. Yaya ce kaɗai tsaye da jakarta a kafaɗa. Auta ya koma inda yake zaune ɗazu, ya zauna, ya ɗora hannayensa masu danshi a kan gwiwa yana jira a ɗora daga inda aka tsaya.

"Tashi mu tafi," in ji Yaya.

"Na ce zan dawo. Ga shi na dawo."

"Auta, tashi."

Sai da suka fita ƙofar gida ta faɗa masa, tana tafe tana share ido da bakin mayafi. Ashe a daidai lokacin da ya miƙe, tsohon ya gama zagaye-zagayensa ya iso kan magana. Cewa yake yi shi bai haifi 'ya don ta tsufa a ɗakinsa ba, yarinya kuma tana bukatar ubanta, saboda haka ya yanke shawara. Bai ƙarasa ba ya ga ƙeyar surukinsa. Ta ce daga nan tsohon ya yi magana a hankali. Ya ce mutumin da ya fasa gilashi da kansa mara lafiya ne, kuma mara lafiya ana yi masa haƙuri. Amma wanda ya miƙe da hankalinsa, idonsa tar, muryarsa ƙalau, ya ba shi baya yana tsakiyar magana a cikin gidansa, wannan ba ciwo ba ne, raini ne. Ya ce ai ita Yaya da bakinta ta ce ya warke, to in ya warke, wannan shi ne ainihin halinsa ke nan, kuma ba zai mayar da 'yarsa da jikarsa hannun mai wannan halin ba. Yaya ta buɗe baki za ta yi bayani, ta rasa ta inda za ta fara ba tare da ta ƙaryata kanta ba. Kafin ta yanke shawara ya shige ciki.

"Da ma ihun ka yi," ta ce. "Wallahi da ihu ka yi, da ka fasa musu teburin, da yanzu ana cewa a yi maka uzuri."

Auta ya ci gaba da tafiya. Yana ta juya maganar ya ga ta inda ta karkace, kamar yadda yake juya keke in ya ƙi ɗinki. Ya yi kowane abu daidai. Ya miƙe a kan lokaci, ya faɗi maganar, ya sami famfo, ya dawo. Abu ɗaya ne kawai bai zauna a wurinsa ba, kuma ba daga gare shi yake ba.

Yaya ta yi ta kiran waya daga baya, ba a ɗauka. Ta je da kanta, aka ce tsohon na barci. Da ta gaji ta faɗi sunan abin ga kawu, ta ce otizim ne, likita ce ta koya masa ya riƙa fita, sai kawun ya ce jiya an ce ya warke, yau kuma an ce ba ya warkewa, wanne za su ɗauka? Ba a jima ba saƙo ya zo cewa a sawwaƙe wa juna.

Ranar ganin Likita ta zagayo, ya tafi, don ranar zuwa ce. Bai ɗauki kan kekensa ba. An kashe fitila, an ɗaga labule, kujeru na kallon taga. Ta tarbe shi da fara'a tana tambayar yadda zaman ya kasance. Ya ba ta labari daki-daki, tun daga fanka har zuwa famfo, bai ƙara ba bai rage ba. Da ya zo inda ya miƙe ya fita, fuskarta ta washe, har ta soma cewa madalla. Ya ci gaba. Da ya kai kan kujerar da ba kowa, fara'arta ta gushe.

"Ban fasa komai ba," ya ce.

"Ba ka fasa ba. Ka yi duk abin da ya kamata."

"Kin ce za su jira."

Ba da faɗa ya faɗa ba, bai ma juyo ba, tagar yake kallo. Ta ce bai kamata ta faɗi haka ba, ba ta san su ba, ta yi masa alkawari da bakin wasu. Ta ce kamata ya yi ta ƙi yarda ya je sai ta gana da su. Ta ce akwai abin da za a iya gwadawa har yanzu, za ta iya rubuta wa tsohon, za ta iya zuwa da kanta. Duk abin da take faɗa gaskiya ne, kuma ya ji nadama a muryarta. Amma wannan muryar ce dai ta ce za su jira, yanzu kuma bai san wace maganarta zai adana wace zai zubar ba. Baƙin ciki ya cika shi, kuma wannan karon ya san sunansa ba tare da an tambaye shi ba.

Ya sa hannu a aljihu ya taɓo 'yar motar kwarkwaron, wadda tun ranar take nan. Tafinsa ya yi gumi. Ya miƙe tsaye.

"Zan fita," ya ce.

Ta ɗaga kai tana jiran sauran maganar. Bai faɗa ba, don shi bai taɓa cewa zai yi abin da ba zai yi ba. Ya ja mata ƙofar a hankali, ya bi barandan, ya tsaya a famfo ya jiƙa hannayensa kamar yadda ta koya masa. Sannan ya sauka matakala ya nufi shago, inda kekunan mutane ke jiransa.